Jan Madannin Kaka

Motar ja ce, ta roba, mai kujera ɗaya, kuma duk abin da ake nema a jikin mota tana da shi: sitiyari, fitilu biyu, hon mai kukan agwagwa, har da madubin da ba ya nuna komai. Gudu ne kawai babu. In yarinyar ta taka totur iya ƙarfinta, sai motar ta yi wani gurnani ta kama jan jiki a tsakar gida, har kazar maƙwabta da ke shigowa kiwo takan bi ta gabanta ta wuce ba tare da ta ɗaga kai ba. Yarinyar ko a jikinta. Shekararta huɗu da ɗoriya, kuma tun ranar da aka kawo motar sunanta ya ɓace a gidan, kowa Direba yake ce mata. Ubanta ne abin ya tsaya wa a rai.

Kafinta ne, irin masu haɗa kabad ɗin kicin a sababbin gidaje. Hannunsa yana da kyau, wannan ba wanda zai musa, amma yana cikin mazan nan da ba sa iya ganin abu yana aiki lafiya su ƙyale shi. Kowace unguwa tana da irinsu, kuma matansu ne ke shan wahalar. Fankar ɗakinsu ta sha kwancewa ba don ta yi laifin komai ba. Matarsa, wadda ke aiki a kantin magani tun safe har yamma, ta daɗe da koyon ɓoye duk abin da take so ya yi ƙarko.

Mahaifiyarsa ce ke zama da Direba da rana. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, mai tsoron duk abin da ke tafiya da kansa, kuma ranar da aka shigo da motar cewa ta yi a mayar da ita inda aka samo ta. Tana da dalili. Gidansu a can saman layi yake, layin kuma gangara ne tun daga ƙofar gida har zuwa babban titi, inda tifofi ke wucewa da yashi yini guda ba su san akwai mutane a duniya ba. Abin da ya sauko da ita rimot ne, wani ɗan baƙin abu da ya zo tare da motar, mai jan madanni a tsakiya. In aka danna shi, wata 'yar fitila a jikin rimot ɗin ta ƙifta, motar ta tsaya cak ko da yarinyar tana kan taka totur. Kaka ta gwada, ta sake gwadawa, ta yi ta gwadawa har Direba ta fashe da kuka. Sannan ta nemo zare mai ƙwari ta ɗaure rimot ɗin ta rataya a wuya.

"Ƙafata ba ta gudu," in ji ta, "amma yatsana lafiyarsa lau."

Daga ranar ba a ƙara ganin wuyanta babu shi a cikin gida ba. Ko kicin za ta shiga yana lilo a ƙirjinta.

Wata yamma tagwayen maƙwabta suka tsaya a bakin ƙofa da kekunansu suna kallon motar tana rarrafe, ɗaya ya ce kunkuru, ɗayan ya ce ai kunkuru ya fi ta. Da aka zauna cin abinci Direba ta tambayi ubanta me ya sa motarta take tafiya irin ta Kaka. Kowa ya yi dariya, Kaka ta fi kowa, ta ce ai tafiyar masu hankali ke nan, ƙawata. Kafinta ma ya yi murmushi, amma idonsa yana kan jakar aikinsa da ke jingine a bango. A ciki akwai injin huda katako mai aiki da batir, da batiransa guda biyu. Ya riga ya duba: ƙarfin wutar batirin motar sha biyu ne, nasa sha takwas.

Ranar hutu da safe matan suka tafi duba wata 'yar uwa da ba ta da lafiya, suka tafi da yarinyar. Ƙofa ba ta gama rufuwa ba ya ɗauki motar ya kifa ta a kan teburin aikinsa da ke rumfar bayan gida, tayoyi a sama. Ya cire kujera, ya zare tsohon batirin, ya sassaƙa ɗan katako ya yi wa sabon mazauni mai kyau, don ko a cikin abin wasa ba ya yin aikin banza. Ya haɗa wayoyi, ja da ja, baƙi da baƙi. Ya danna totur da hannu.

Tayoyin suka ɗauki wani irin ƙugi da bai taɓa jin sun yi ba, har teburin yana rawa. Ya yi dariya shi kaɗai. Dariyar ba ta kai ko'ina ba sai wari ya bugi hancinsa, warin ƙonewar roba, kuma wani siririn hayaƙi ya taso daga wani ɗan baƙin akwati da ke maƙale a ƙarƙashin kujera. Tayoyin suka mutu. Ya mayar da tsohon batirin, shiru. Ya buga, ya girgiza, ya hura, shiru.

Ba mai aikin lantarki ba ne, amma ya san abin da ya ƙona. Duk wayoyin motar ta cikin akwatin nan suke bi, kuma shi ne ke sauraren rimot. A nan ya kamata ya tsaya. Ya san haka, har ya ajiye sukundireba ya zauna. Amma sai ya hango Direba ta dawo ta tarar da motarta ta zama gawa, ya hango fuskar matarsa, wadda ba sai ta ce komai ba, ya ji zuciyarsa ta ƙi. Ya tashi ya ciro wani tsohon makunni daga akwatin tarkacensa, ya ɗaura shi a ƙarƙashin totur, ya ja waya daga batir zuwa makunnin, daga makunnin zuwa injin tayoyi, kai tsaye, ba ruwansa da baƙin akwati. Tun da hannu ya riga ya ɓaci, ya buɗe haƙoran giyar ya wanke su ya cika su da man giris mai kyau, har taya tana juyawa in ka hure ta.

Kada a ce bai gwada ba. Ya gwada, irin gwajin kafinta. Ya danna a kan tebur ya saki, tayoyin suka ɗan juya suka tsaya. Ya sauke motar tsakar gida, ya ɗora buhun ƙusoshi a kujera a madadin yarinyar, ya danna totur da sanda ya bi ta da gudu, ya saki. Ta ɗan silale kaɗan ta tsaya. Tsakar gidan nan kuwa shi da kansa ya tsaya a kan masu siminti ranar da aka yi ta, da lebur ɗinsa a hannu, ɗan ma'aunin nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa, bai bar su sun tafi ba sai da ƙwayar ta zauna a tsakiya ta kowace kusurwa. Ko ƙwallo ka ajiye a wurin, inda ka bar shi nan za ka same shi. Duk rayuwarsa a kan shimfiɗaɗɗen wuri yake auna abu, kuma lebur ɗin bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Saura abu ɗaya. Kaka ta rataye rimot ɗin a ƙusa kafin ta fita, don ba ta zuwa da shi unguwa. Ya ɗauko, ya sa motar tafiya, ya danna jan madannin. 'Yar fitilar ta ƙifta kamar kullum. Motar ta ci gaba da tafiyarta har ta daki bokiti.

Ya mayar da rimot ɗin kan ƙusa. Ya san in mahaifiyarsa ta ji, motar ta gama yawo, shi kuma ya shiga uku da gori har ƙarshen shekara. Ya ce wa kansa zai sayo sabon akwati mai ɗaukar babban batir, abin ba zai daɗe ba. Kafin nan kuma, ai a tsakar gida ake wasa.

Da suka dawo, Kaka ta shiga ɗaki ta miƙe ƙafa, matarsa ta shiga kicin. Ya ja Direba bayan rumfa ya durƙusa a gabanta. Ya gaya mata motarta yanzu ta fi kekunan tagwaye, amma akwai wani wasa da za su riƙa yi, su biyu kawai. Duk lokacin da ta ga Kaka ta ɗaga rimot, ta cire ƙafarta daga totur nan take, kada ta jira, kada ta yi gardama. In ta iya, motar ta zama tata har abada. In wani ya ji labarin, za a ƙwace.

"Har Mama?" ta tambaya.

"Har Mama. Sirrinmu ne, ni da ke."

Ta gyaɗa kai da irin nauyin da yara ke ba wa sirri, ta sa yatsa a baki.

Abin takaicin shi ne wasan ya yi kyau. Kaka ba ta iya danna rimot a ɓoye ba. Sai ta ɗaga shi sama da hannu biyu, ta nuna motar da shi, ta ce tsaya, sannan ta danna. Makaho ma zai gane. Direba kuwa yarinya ce mai kaifin ido. Motar ta zabura ta zagaye tsakar gida, iska tana ɗaga mata kitso, tana ihu don daɗi. Kaka ta tsorata ta ɗaga rimot. Ƙafa ta tashi, motar ta silale ta tsaya. Kaka ta dubi abin da ke hannunta ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ta lura yanzu sai ta ɗan ja kafin ta tsaya, da kuwa cak take yi. Kafinta ya ce ai gudun ne ya ƙaru. Ta yi ta faɗa a kan mutanen da ba sa barin abu yadda Allah ya kawo shi, amma ba ta hana ba, don birkin yana wuyanta.

Matarsa ce ta tsare shi da ido a bakin kicin, ta tambaye shi ko ya tabbata rimot ɗin yana aiki bayan wannan taɓe-taɓen nasa.

"Ba a gabanki aka danna ba?" in ji shi.

Ta koma ciki. Ya ce wa kansa ai bai yi ƙarya ba, tambaya ya yi. Irin wannan lissafin ba ya hana mutum jin nauyi a ƙirji, kuma ya ji.

Kashegari ya je shagon masu kayan lantarki. Mai shagon ya juya ƙonannen akwatin ya ce babu irinsa mai ƙarfi a ƙasa, amma yana hanya. Duk ranar da Kafinta ya leƙa, yana hanya.

A gida kuma tsakar gida ta fara yi wa motar kaɗan. Tukunyar fulawa ta fashe, ƙafar kujera ta karye, kazar maƙwabta ta daina shigowa. Kaka, wadda ba abin da ke wuce idonta, ta gano dalili, ko kuma ta ɗauka ta gano. Ta ce yarinyar nan ba ta kallon gabanta sam, kullum wuyanta a juye, ita take kallo, kamar wadda ake bi bashin kallo. Shi ya sa take karo da kaya. Maganin abin mai sauƙi ne: tun da ita take son kallo, to za ta riƙa tsayawa a gabanta. Daga nan wasan ya sauya. Kaka ta tsaya a ƙarshen fili ta yi tsaye kamar mai ba da hannu a titi, Direba ta taho da gudu ta nufo ta, rimot ya tashi, motar ta silale ta tsaya dab da zanenta. Su biyun su kwashe da dariya. Kullum Kaka tana ƙara jinkirta ɗagawar, don ta ga ƙawarta ta zaro ido.

Kafinta yakan tsaya a bakin rumfa yana kallonsu. Tsohuwar da ke tsoron fanka in tana gudu da yawa, yau ita ce ke tsayawa a gaban mota ba ta ko ƙifta ido. Shi ya ba ta wannan ƙarfin halin, kuma ya san babu komai a cikinsa.

Wata safiya yana ɗaure jakarsa a bayan babur, Kaka ta ce masa filin nan ya ƙare, yarinya tana son ta nuna wa tagwaye motarta, wata rana za ta fitar da ita layi su ɗan sha iska. Ya ce a bari tukuna, Mama. Ta tambaye shi a bari sai yaushe, kuma saboda me. Ya buɗe baki. Direba tana tsaye a bayan kakarta da kofin shayi a hannu, tana kallonsa, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Layin akwai mutane," abin da ya iya cewa ke nan.

"Mutane a layi, ai ba labari ba ne." Ta taɓa rimot ɗin a ƙirjinta. "Tafi aikinka. Ni na raine ka ba ka karye ba."

Ya tafi. A hanya ya lallashi kansa da cewa ko an fita, yarinyar ba ta taɓa kuskure ba. Rimot na tashi, ƙafa na tashi.

Aikin ranar a wani sabon gida ne da ba a gama ba, bene na biyu, kicin babba mai warin fenti. Shi yana kafa kabad, wani mai haɗa wayoyin lantarki da suka saba haɗuwa a wurin aiki yana jan waya a bango. Bayan rana ta karya, batirin injinsa ya mutu, ya sa shi caji ya zauna jira. Mai Waya, wanda ke zaune a kan bokitin fenti yana cin burodi, ya tambaye shi ina ɗaya batirin, ko ya sayar ya ci. Kafinta ya yi dariya. Abin da ya kasa faɗa a gida yana ta cinsa, kuma mutum yakan so ya yi alfahari ko da da abin kunya ne, sai ya kwashe labarin ya ba shi: hayaƙin, makunnin, giris ɗin, gudun. Wasan da ya koya wa yarinyar ne kawai ya tsallake.

Mai Waya ya yi dariya har yana ƙwarewa. Ya ce kafinta dai kafinta ne, da ya ga abin da bai gane ba sai ya zagaye shi. Sannan ya tambaye shi, da baki cike, me ya sa mata a madadin birki.

Kafinta ya ce ai ba ta da birki tun asali, cire ƙafa ake yi ta tsaya.

Mai Waya ya ce to wa yake tsammani ke tsayar da ita in an cire ƙafar. Baƙin akwatin nan ne. Da an saki totur sai ya haɗe wayoyin injin biyu, injin ya cije, taya ta ƙi juyawa. Ba rimot kaɗai yake saurare ba, shi ne birkin gaba ɗaya. Yanzu da babu shi, cire ƙafa wuta kawai yake yankewa, taya kuwa sakakkiya ce, balle an sha mata giris.

"A shimfiɗe ba komai, za ta gaji ta tsaya da kanta," in ji shi, yana kakkaɓe garin burodi daga gemu. "Kar dai ta ga gangara."

Ya tashi ya koma kan tsaninsa yana fito.

Kafinta bai motsa ba. Akwai fensirinsa a kan katakon da bai gama daidaitawa ba, ya ga ya fara mirginawa a hankali, ba wanda ya taɓa shi, ya bi tsawon katakon yana ƙara sauri ya faɗi ƙasa. Ya ciro waya ya kira mahaifiyarsa. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya san inda wayar take, ƙarƙashin matashi, inda take yini kullum. Ya kira matarsa. Ta ɗauka tana magana da mai sayen magani, ta ce lafiya, ya ce ko ta ji daga gida. Ta ce Mama ta kira ta ɗazu, wai in rana ta yi sanyi za su fita layi da Direba, ta ce mata to, tun da akwai rimot. Ta tambaye shi ko akwai wani abu.

Har a wannan lokacin, da zufa tana bin bayansa, bakinsa bai iya ba. Ya ce ba komai, yana zuwa. Ya bar jaka, ya bar inji a caji, ya sauka benen yana tsallake matakala.

Rana ta riga ta yi sanyi. Lokacin tashi daga aiki ne, tituna sun cika, ya yi ta kutsawa da babur tsakanin motoci ana zaginsa bai ji ba. Hanyarsa ta gida ta babban titi take, daga ƙasa, kuma sai ya tsallaka kafin ya shiga layinsu. Da ya iso daidai bakin layin, yana ɗaya gefen, tifofi sun jeru suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ba tazara. Ya tsaya dole. Ta tsakanin motoci yake hango layin, guntu-guntu, in wata ta wuce kafin wata ta rufe.

Ya hango jan abu a can sama, a ƙofar gidansu, da kekuna biyu a gefensa. Tifa ta rufe. Da ta wuce ya ga mahaifiyarsa. Ta sauko har kusa da bakin titi, da gwiwar nan tata, ta zaɓi wurin da kowa zai ga wasan da kyau. Ta ba shi baya, ta ba titi baya, ta gyara tsayuwa. Ya ƙwala mata kira, ya danna hon ɗin babur, ƙarar tifofi ta haɗiye duka. Ya yar da babur ɗin ya shiga titi, wani direban tifa ya auna shi da hon ya koma baya da ƙyar.

Da hanya ta sake buɗewa motar ta riga ta taho. Bai taɓa ganin ta da irin wannan gudun ba. Kaka ma ta ga haka, don ba ta yi jinkirin da ta saba ba, ta ɗaga rimot tun motar tana nesa. Kuma ya ga 'yarsa ta yi abin da ya koya mata. Ta cire ƙafa. Da motar ba ta rage ba, sai ta ɗaga gwiwoyinta duka biyu sama har ƙirji, don kowa ya ga ba ta taka komai ba.

Kaka ta danna. Ta sake dannawa. Ta girgiza rimot ɗin ta miƙa shi gaba da hannu biyu ta danna da dukkan ƙarfinta. Akwai ƙofar wani shago a gefenta, taku ɗaya zai kai ta, kuma tana da lokaci. Ya ga ta waiwaya sau ɗaya ta dubi titin da ke bayanta. Sannan ta juya, ta ware ƙafafu, ta sunkuya ta buɗe hannuwa.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an yar da buhu. Tifa ta rufe. Da ya samu ya tsallaka, motar tana kwance a gefenta a bakin kwata, taya ɗaya tana ta juyawa ba ta da niyyar tsayawa. Direba tana zaune a ƙasa da fasasshen leɓe, ko kuka ba ta yi. Mahaifiyarsa tana kwance rabi a layi rabi a kan kwalta, ƙafarta ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, yatsanta har yanzu a kan jan madannin.

A asibiti suka ce ƙugu ne ya karye, za a yi aiki, kuma a shekarunta kada a sa rai da tafiya irin ta da. Matarsa ta iso da rigar aiki a jikinta. Aka bar su suka shiga ɗakin kafin a wuce da tsohuwar ɗakin tiyata. Wata ma'aikaciyar jinya ta yanke zaren da ke wuyan tsohuwar ta miƙa wa Kafinta rimot ɗin, ta ce ya riƙe, da ƙyar suka ɓamɓare shi daga hannunta. Ya zauna a kujerar gefen gado, Direba a cinyarsa, ta cusa kai a ƙirjinsa.

Ya yi zaton mahaifiyarsa za ta dube shi. Surukarta ta nema. Ta kama hannunta tana hawaye, ta ce ta yafe mata, amana aka ba ta ta kusa salwantar da ita. Ta ce laifinta ne ita kaɗai. Tun ranar da aka kawo abin nan ba ta taɓa sauya masa batir ba, ta ga motar tana ja kafin ta tsaya, alama ce, amma ta yi sakaci irin na tsofaffi. Ɗanta ma ya ce a bari, ta ƙi ji.

"Kada ku ƙara bar mini ita," in ji ta. "Na tsufa. Ban isa riƙon yaro ba."

Matarsa ta durƙusa tana kuka, tana cewa haba Mama, ke kika tare ta, batir kuma ai kowa yana mantawa.

Kafinta yana jin su. Ya matse abin da ke hannunsa ba da niyya ba, babban yatsansa ya sauka a kan jan madannin. 'Yar fitilar ta kama, jawur, tas, ba alamar rauni a tare da ita. Ɗakin ba shi da haske sosai. Matarsa ta ɗago kai ta ga fitilar. Ta daɗe tana kallonta, ta daina kukan, sannan ta ɗaga ido a hankali ta dube shi.

A lokacin ne Direba ta miƙe a cinyarsa, ta kewaye kunnensa da tafin hannunta. Raɗar yara ba ta ɓoyuwa, duk ɗakin aka ji.

"Baba, na cire ƙafata. Wallahi na cire. Kuma ban faɗa wa kowa ba."